Hasken da bai kai ko'ina ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Garba, manomin shinkafa da albasa a fadamar Wurno. Tun da ruwan dam ɗin Goronyo ya fara iso musu da rani, bai ƙara zuwa ci-rani ba. Ciwon daji ne ya kama shi a maƙoshi, hanyar da abinci ke bi zuwa ciki. Tuwo ya fara tsaya masa, sannan fura, har ya zama kunu ma sai an tsinka shi kamar ruwa.

Ni na raka shi wani asibiti a Masar. Likitan bai ɓoye mana ba, ya ce ciwon ya yi nisa, abin da za su iya shi ne buɗe hanya ya samu ya haɗiya. Aka yi masa allurar wani magani da ke taruwa a inda ciwon yake ya kwanta, ba ya aiki sai haske ya taɓa shi. Bayan kwana biyu aka zura masa siririyar waya mai jan haske ta baki. Da aka gama, likitan ya ce maƙoshi yana da lanƙwasa da tattara, hasken bai kai ko'ina ba, sai mun dawo a sake. Ya kuma ja mana kunne: maganin yana cikin fatarsa ma, kada rana ta gan shi har sama da wata guda.

Muka dawo gida tsakiyar rani, aka rufe tagogin ɗakinsa da barguna. Mutumin da bai taɓa wuni a inuwa ba yana zaune cikin duhu, yana jin injinan ban ruwa daga nesa. Kunu ya fara wucewa, tuwo kuwa ya ƙi.

Wata azahar matarsa Hajo ta aiko a kira ni. Na same shi bayan rumbu, kwance a tabarma, ya cire riga, ya buɗe baki yana fuskantar sama. Fuskarsa da ƙirjinsa sun kumbura sun yi jawur.

Na ce, "Yaya, mi kakai haka?"

Ya ce, "Ai likita ya ce hasken bai kai ko'ina ba. To mi hitilassu ta hi wagga rana da shi?"

Lissafin mai ban ruwa ya yi: fangalin da ruwa bai isa ba, ƙara masa ake yi. Washegari fatar ta yi bororo, ta ɗaye, zazzaɓi ya biyo baya. Kafin ya yi ƙarfin sake tafiya hanyar abincin ta toshe. Ba na cewa rana ce ta kashe shi, ciwon ya riga ya ci ƙarfinsa. Amma komawar da ya sa rai a kanta, a tabarmar nan ta tsaya.

Yanzu ina karanta cewa likitoci sun ci gaba da gyara aikin. Akwai ɗan balan-balan da ake hurawa a cikin maƙoshi ya miƙe tattarar, waya ta zauna a tsakiya, hasken ya bazu daidai. Na san da yana raye zai gyaɗa kai, sannan ya tambaya ko ana yi a Sakkwato. Ni dai ban ji inda ake yi kusa da mu ba, kuma wannan yana yi mini ciwo ƙwarai.

Gonar tana hannun 'ya'yansa, albasa tana yi. Abin da ya rage nasa a bakin mutane shi ne ba na so. Daga Wurno har Rabah, in aka ambace shi, sai a yi masa addu'a a ce ciwo ya taɓa masa kai a ƙarshe. Ni na ɗauke shi daga tabarmar, na kuma ji amsarsa. Hankalinsa garau yake. Yunwa yake ji, ga shinkafar da ya noma cike da rumbu a bayansa.