Abin da ke Cikin Farar Safa

Saura kaɗan in bar labarin ga a cikina. Mijin ƙanwata ya roƙe ni in yi shiru, wai abin kunya ne gare shi, kuma mai makarantar da abin ya faru cikinta mutum ne da ake gaisawa da shi bakin masallacin Juma'a. Na ce to. Na yi shirun har na ga ya fara hana ni jin daɗin tuwo. Sai na koma na ce mashi, Malam, ni dai za ni faɗi, amma ba ni kiran sunan kowa. Ya ce in dai babu suna in tafi in yi ta surutuna, daman shi ne sana'ata ta biyu bayan fatauci.

Ni mutumin Sabon Birni ne, ina ɗan jigilar kaya tsakaninmu da Maraɗi, da can kuwa har Agadas da Kwatano na sha zuwa. Ƙanwata tana aure wani ƙauye gefen Unguwar Lalle. Da sha'anin 'yan bindiga ya yi tsanani, malaman firamaren ƙauyen sunka daina zuwa, azuzuwan sunka zama makwancin awaki. Ɗansu na fari kuwa yaro ne mai son karatu, bai wuce sha biyu ba. Uban ya tattara abin da gona ta ba shi ya kai shi wata makarantar kwana ta kuɗi bakin garin Isa. Allon ƙofarsu ma abin kallo ne, an zana wasu yara jajaye masu ƙiba suna danna kwamfuta. Ni dai duk yawona cikin Gobir ban taɓa gamuwa da iyayen yaran ga ba.

To kun san halinmu da ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunanshi, uba ba shi kallonshi ido da ido gaban mutane. Mijin ƙanwata kuwa ya fi kowa riƙon wannan. In zai yi zancen yaron sai ya ce "wancan", awa wani baƙo ne da ya sauka gidan maƙwabta. Ba rashin so ba ne, don na san ya sha hana cikinshi saboda yaron. Haka anka tashe shi, haka ya ga ubanshi ya yi mashi.

Ranar ziyara ta faɗo bayan an gama yankan dawa. Mijin ƙanwata ya zo ya same ni shago, ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya ce ko ina da sarari in raka shi Isa, akwai ɗan saƙo da mai ɗakinshi ta haɗa ma wancan. Na kira taubashina, ɗan gwaggona, wanda tashin hankali ya koro daga wajen Gatawa ya dawo Sabon Birni shina kabu-kabu da babur. Ya zo ya dube ni sama da ƙasa.

"Bawana, in ka hau babur ɗin ga da tumbin ga, kuɗin mutum biyu za ka biya."

Na ce, "Tuƙa ni dai, bawa ba shi yi ma ubangijinshi ciniki."

Munka ɗane mu uku, da ƙullin ƙuli-ƙuli da garin rogo da 'yar robar yaji, munka kama hanya da hantsi.

Makarantar ta sha shara ran nan. An yayyafa ruwa, an shafa ma duwatsun bakin hanya farar ƙasa, an jera kujerun roba ƙarƙashin dogon yaro. Sai ga yara an fito da su sahu-sahu, kowa da farar safa har ƙauri da takalmi rufaffe, suna rera waƙar maraba da Turanci. Iyaye sai murmushi, wata tsohuwa kusa da ni har da hawaye. Mai makarantar ya tashi cikin babbar riga ya yi jawabi, rabi Hausa rabi Turanci, ya ce yaranmu amana ne a hannunshi, ya ce amana har ban san iyaka ba.

Da anka sallami yara su gaida iyayensu, namu ya taho a hankali ya durƙusa nesa kaɗan. Uban ya kau da kai wajen wata akuya da ke cin bawon lemu.

"An wuni lahiya?" Haka ya ce, da akuyar shike magana ko da yaron, Allah masani.

"Lahiya lau, Baba."

"Karatu dai?"

"Lahiya lau."

Shi ke nan, ziyara ta ƙare wajenshi. Ya turo mani ƙullin da gefen ƙafa don in miƙa. Ashe haka ya yi da ya zo watan da ya wuce shi kaɗai, ya gaisa da iska ya aje saƙo ya koma.

Ni kuwa kawu ne, babu kunyar kowa a kaina. Na jawo yaron na ce, "Zo nan, Bature. Waƙar ga da kunka yi muna, mi take cewa?"

Ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. "Ba a hwaɗa muna ba, Kawu. An dai ce mu hardace."

"To wa ke koya muku Turancin?"

Ya ce malamin ya tafi tun farkon zango, yanzu wani ɗan babban aji ke kwafe musu rubutu bisa allo, su kuma su kwafe cikin littafi. Na ce kwamfutar fa? Ya ce tana ofis, an rufe ta da zane saboda ƙura. Taubashina ya ce to ai gara, kar ta yi mura.

Ina cikin dariya na lura da ƙudaje. Wurin cike shike da abinci, ga shinkafa ga nama iyaye sun kawo, amma ƙudan sun bar wannan duka sun taru kan takalmin yaron na hagu. In ya kore su su dawo. Sannan wari ya iso mani. Na taɓa jin irinshi cikin wata babbar mota hanyar Agadas, jikin wani yaron mota da ƙarfe ya yanka ya ɗaure da tsumma, kuma na san yadda tashi ta ƙare.

Na ce, "Tuɓe takalmin ga."

Ya waiga wajen ofis. "An hana, Kawu. An ce wanda duk yat tuɓe yau, bulala."

"Ni nac ce ka tuɓe. Wanda za shi buge ka shi fara da ni, ga tumbi nan ya ishe shi."

Takalmin da ƙyar ya fita. Safar kuwa daga sama fara fat, daga ƙasa ta manne da nama, sai da taubashina ya kawo ruwan buta munka jiƙa ta. Ba ni bayyana muku abin da munka gani duka. Tafin ƙafar ya kumbura ya yi sulɓi, ƙaramin yatsa ya yi baƙi, ruwa na fita. Jikin yaron zafi rau, ni da na riƙa hannunshi tun farko na ɗauka rana ce.

A hankali ya ba mu labari. Wai akwai darasin noma. Darasin kuwa shi ne a kwashe su zuwa gonar mai makarantar su yanke mashi dawa su ɗauko dammuna a ka. Ku ji fa. 'Ya'yan manoman Gobir, waɗanda sunka iya riƙon lauje tun ba su iya ɗaure wando ba, su ne anka raba da iyayensu don a koya musu yankan dawa. Silifas ɗinshi ya tsinke, ya taka tsinin karan da anka sare, ya shige shi. Matar da ke riƙe da ɗakin magani ta ba shi fanadol ta shafa mashi shuɗin magani ta ce ya tafi. Da abin ya fara wari, sai anka matsar da katifarshi bakin ƙofa. Da ranar ziyara ta matso, anka ba shi sabuwar safa.

Sabuwar safa! Wallahi duk cikin labarin ga babu abin da ke tada mani rai awa wannan. Da mantawa sunka yi da shi, sai in ce yara sun yi musu yawa. Ba su manta ba. Wani babba ya duƙa ya dubi ƙafar ga, ya ji warinta, ya yi tunani, abin da tunaninshi ya ba shi shi ne a rufe ta da farin ƙyalle kar iyaye su gani.

Na ɗauki takalmin a hannu na nufi ofis. Mai makarantar na zaune da wasu baƙi ana shan lemun kwalba. Na aje mashi takalmin bisa tebur, kusa da kwamfutar mai lulluɓi.

"Subhanallahi, Alhaji, lahiya?"

Na ce, "Ita niz zo tambaya. Taso ka ga amanarka."

Ya fito, ya leƙa ƙafar daga tsaye, ya ja da baya. Sai ya shiga yi mani bayani da murya mai sanyi, irin ta masu saida maganin gargajiya cikin mota. Wai yaron bai kai ƙara ba. Wai yaran ƙauye akwai su da ɓoye ciwo. Sannan ya juya wajen mijin ƙanwata, ya ce, "Ai ga mahaifinshi nan. Ya zo watan jiya, sun gaisa, bai ce muna ya ga komi ba."

Nan ne na ji kaina ya yi zafi. Mutumen ga Bagobiri ne ɗan'uwanmu, ga tsagar nan a kumatunshi. Ya san sarai uba ba shi duban ɗan fari. Ya san yaron da anka tasa gidan mutunci, ko hanjinshi na waje, in babba ya ce ya jiki, lahiya lau za shi ce. Ya san wannan duka, da shi ma shike cin abinci. Na ce mashi iyayen ga ba don allon ƙofarka sunka kawo ɗiyansu ba, sun kawo su ne don wani ya dube musu su da idon da su al'ada ta hana su. In kai ma ba ka dubawa, to mi kake saidawa? Na faɗi wasu maganganun kuma da ba su shiga littafi. Taubashina ya ce tunda muke bai taɓa sanin na iya zagi da Faransanci ba sai ran nan.

Mai makarantar ya ce a yi haƙuri, za su kai shi kemis gobe, don dokarsu ba a fita da yaro tsakiyar zango sai da izini.

Ban kai ga ba shi amsa ba. Mijin ƙanwata, wanda tun ɗazu ke tsaye awa an dasa shi, ya tako ya durƙusa gaban ɗanshi cikin taron mutane. Ya ɗauki ƙafar ya aza bisa gwiwarshi, ya dube ta, ya daɗe shina dubanta. Sannan ya ɗaga kai ya dubi yaron cikin ido. Yaron ya ruɗe, bai san inda za shi sa nashi idon ba.

"Tun yaushe?"

"Tun ana yankan dawa, Baba."

"Da niz zo, ciwon shina nan?"

Yaron ya ɗaga kai alamar e.

Uban ya sauke ƙafar a hankali. Ya juya ya goya shi a baya, awa jinjiri, ya bi ta tsakiyar kujerun roba ya nufi ƙofa. Mai gadi ya dubi mai makarantar, ya dubi fuskar uban, ya buɗe ƙofa da kanshi. Kafin mu fita na waiga na ga mata sun fara tuɓe ma ɗiyansu safa, wata na duba kai, wata na ɗaga riga.

Taubashina ya ɗauki uba da ɗa bisa babur sunka yi asibiti, sunka bar ni da takalmin da na ɗauko daga ofis a hannu ina neman wani ɗan kabu-kabun. Da na isa an riga an shiga da shi. Likitan, wani saurayi mai ƙaramar murya, ya fito ya tambaya wane ne uban yaron. Mijin ƙanwata ya ce shi ne, da ƙarfi, ban taɓa jin ya amsa wannan tambaya haka ba. Likita ya ce ƙaramin yatsan ya riga ya mutu, sai an cire, amma yana sa ran ƙafar za ta tsira. Ya ce da an ƙara jinkiri da ba yatsa ake zance ba.

An cire yatsan. Ƙafar ta tsira, alhamdu lillahi. Yaron shina gidana yanzu, shina ɗan ɗingishi, ina tsokanarshi wai ya rage ma mai yankan farce aiki. Uban kan zo ranar kasuwa, ya zauna, ya ce a kira mashi wancan, har yanzu dai wancan ne. Amma in yaron ya zo sai ya ce miƙo ƙafar in gani. Makarantar kuwa tana nan, an ma sake ma allon ƙofar fenti.

Bayan an sallamo mu da 'yan kwanaki, taubashina ya zo shago da la'asar. Bai ce mani bawana ba, bai taɓa zancen tumbi ba, ya zauna bisa buhu shina juya makullin babur a hannu. Shi ne fa ya zuba ruwan buta bisa safar nan da hannunshi. Ɗiyanshi biyu maza suna can ƙauye wajen kakarsu, inda ake kwana da takalmi a ƙafa saboda gudu. Can ya ce:

"Ɗan'uwa, tunda kun cire naku, kana ganin in na je da nawa makarantar nan za su karɓe su tsakiyar zango?"