Ƙwayoyin da Na Juye a Magudanar Ruwa

A lokacin ina ƙaramin malami a sashen aikin gona na wata jami'a, ɗan gidan malamai daga Wurno, mai ji da kansa. Ni ke kai ɗaliban ajin ƙarshe gonakin rani masu shan ruwan dam ɗin Goronyo, mu auna ruwan da albasa ke sha, da shi suke rubuta aikin kammala karatu. Abin da ba wanda ya sani shi ne, shekara biyu ina shan maganin ciwon damuwa. Ba na karɓa a asibitin jami'a, don masu ɗauko kati duk sun san ni. Wani asibiti nake zuwa can nesa, in juye ƙwayoyin a kwalbar maganin ulsa.

Maganin yana sa hannuna rawa. Wata rana ina rubutu a allo, shugaban sashenmu ya leƙo, ya ƙura wa hannun ido, ya wuce. Na ɗauka asirina ya tonu. Yayana kuma da na gaya masa gaskiya, cewa ya yi a gidanmu ba a taɓa shan maganin mahaukata ba, in riƙe addu'a kawai, sai ka ce addu'a da magani ba sa ga maciji. Ranar da muka je awo a gonakin Rimawa na zaga bayan mota, na juye ƙwayoyin duka a magudanar ruwa.

Na yi makonni garau, har ina yabon kaina. Daga nan tashi daga shimfiɗa ya gagare ni, a daidai lokacin da ake sakin ruwan dam, awo kuma ba ya jira. Ɗalibai shida suka yi ta jirana har aka cire albasa. Babu awo, babu aiki, dole suka ƙara shekara. Ɗayarsu ta tare ni tana hawaye, ta tambaye ni mi suka yi mini.

Matata ce ta tasa ni gaba zuwa wurin likita. Ya ce da na faɗa masa zancen rawar hannun, da ya gyara mini maganin tun tuni. Na fito ke nan na ga shugaban sashenmu a kan bencin jira, da kati irin nawa a hannu. Ya yi maza ya cusa shi aljihu, ya ce dubiya ya zo. Na ce ni ma haka. Wallahi wannan ya fi komai ƙona mini rai.

'Yan'uwana malamai, kada kowa ya daina magani sai da sanin likitansa. Ni kunya na ji, amma yara shida ne suka rasa shekara guda, ba su san ma dalili ba.