Zabon Gwaggo da kyamarar likita

Salamu alaikum jama'a. Wata biyar ke nan ban ce uffan ba a nan, har wani ya tambayi matata ko na sayar da wayar. Ban sayar ba. Jinya na yi, irin wadda mushen lakkol, wato malamin makaranta, mai shekara hamsin da biyu ba ya son ɗalibansa su ji.

Jini na fara gani in na zaga. Na ce basir ne. Babu sassaƙen da ban jiƙa ba, daga kasuwar Mayahi har ta Urafane.

Amma yayana Issa ma basir muka yi ta cewa, har ciwon dajin hanji ya kai shi kabari. Tsoro kam na ji shi.

Likitanmu ya tura ni Yamai a leƙa hanjin da kyamara. Na ce, "Ta baki?" Ya ce, "A'a, Mushe." Ban ƙara tambaya ba.

Ga sharaɗin: kwana uku ba wake, ba ganye. Ranar jajibiri ba abinci sam, sai ruwa da maganin wankin ciki lita huɗu.

Ranar jajibirin na sauka gidan Gwaggo Hassi, ƙanwar babana, wadda ta raine mu. Da la'asar sai ga ta da zabo guda da dambun zogale.

"Gwaggo, na ƙoshi."

"Ƙoshin mi? Tun daga Mayahi? Ko hannuna ka raina?"

Ku gaya mini, da wane baki zan faɗa wa Gwaggo ƙofar da kyamarar za ta bi? Na ci. Na ce ai magani zai wanke. Maganin ma rabi na sha, don kamar ruwan kanwa yake a baki.

Washegari da na farko daga allurar barci, likita ya nuna mini hoto. "Mushe, hanji na zo dubawa, ba garka ba. Zogale kawai nake gani." Malamar asibitin ta juya baya, kafaɗunta na rawa.

Sai ya tsuke fuska. Ya ce ƙarin da suke nema, wani bai wuce ƙwayar wake ba, wani kuma a kwance yake cikin lanƙwasa. In hanji bai fita tas ba, sai a wuce shi, a ce maka lafiya lau, ka koma gida da abinka.

Kuɗin gwaji ya tafi a banza, sai sabon randebu, in sake dawowa bayan mako biyu.

Na runtse ido na gaya wa Gwaggo komai. Ta saki baki.

"Wurin nan kake ma kunya? Wa ya wanke shi kana jinjiri? Issa ya tahi, kai ma so kake ka bi shi saboda zabo?"

Sai ta fashe da kuka. Ni ma na taya ta.

Karo na biyu ita ta riƙe ordinas, takardar ƙa'idojin likita. Ta sa wa madafa kwaɗo, ta zauna gabana da kofi har na shanye. Hanyar makewayin gidan nan, ko ido rufe na san ta.

Likita ya ce yanzu ya ga hanji. Ya bi a hankali, ya tarar da ƙari guda biyu, ɗaya a laɓe inda zogale ya rufe wancan karon. Ya cire su nan take, ban ji komai ba. Bayan mako uku analis, wato sakamakon gwaji, ya fito: bai zama daji ba, amma can ya nufa. Jinin ya tsaya. Zan koma bayan shekara uku.

Alhamdu lillahi. Na gode wa likitan, da matata Rabi, da ku da kuka yi ta cigiyata.

In ka ga jini, kada ka yanke wa kanka basir. In wani naka ya yi ciwon nan, je a duba ka ko garau kake. Maganin ka shanye shi duka. Kuma ka gaya wa mai masaukinka gaskiya tun a bakin ƙofa.

Ƙanena Lawali yana gidan Gwaggo yanzu haka, ita ta kira shi da kanta a leƙa nasa hanjin gobe. Ɗazu ya bugo mini murya ƙasa-ƙasa, wai in roƙa masa ko loma ɗaya. Ashe tana bayansa. Ta karɓe wayar.

"Ce mashi ya yi haƙuri. Guda na rasa, ba ni ƙara wani."