Ɗangon da na ƙara wa waƙar abokina

Shekarun baya, ina lise, wato babbar sakandare, a Magariya, ba ni da aboki sai littafi da wani ɗan Mallawa da muke zama benci ɗaya. Ban iya haɗa ido da mace ba, amma a ba ni waƙa a ga aiki: in ƙirga gaɓoɓi da yatsa, in ja layi ƙarƙashin amsa-amo da jan bik.

Wata rana abokin nan ya miƙo mini waƙar da ya rubuta, irin ta zamani, karinta sai ɗingishi yake.

"Sarkin ƙirga, duba mini. Wata na yi wa, can Bande."

Na duƙufa a kanta. Na rage masa ɗangon da ya yi nauyi, na dawo da amsa-amon da ya ɓace a hanya. Sannan na ce tana bukatar ɗangon da za a riƙa maimaitawa, don shi ke zama a kunne. Da hannuna na rubuta: "Ko turɓayar hanya ta san sawunki." Na sa shi ƙarshen kowane baiti, ina ta jin kaina.

Da hutu ina karatu a tsakar gida, ƙanwata na sheƙar wake, sai na ji tana rerawa ƙasa-ƙasa: "Ko turɓayar hanya ta san sawunki..."

Littafin ya suɓuce daga hannuna.

"Ke! Ina kika ji wannan?"

"Yaya, ina ruwanka?" Ta kwashi faifanta ta shige ɗaki.

Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Abokina ɗaya tak, wanda muke sa hannu a ƙwarya ɗaya a gidan nan! In gaya wa Baba in rasa shi, ko in yi shiru? Na sami abokin nawa a bakin tasha.

"Ashe Bande a tsakar gidanmu take?"

Ya sunkuyar da kai. "Wallahi aure nake nufi. Kunyarka na ji."

"Kunyata? Shi ne ka sa ni aikin?"

Ban gaya wa Baba ba. Manyan abokin nawa ne suka zo da kansu neman aurenta bayan ya gama karatu. Yau 'ya'yansu kawu suke ce mini. Har yanzu in aka ba ni waƙa, kafin in ƙirga gaɓa ko ɗaya, sai na tambaya wa aka yi wa.

Ƙanwata kuwa takan ce duk abin da mijinta ya taɓa rubutawa, babu kamar wannan ɗangon. Sai ya saci kallona, ni kuma in buɗe littafi.