Surukin da Aka Ɗauko Wa Ƙanena

Ƙanena bai taɓa buga ƙwallon kirki ba. Tun muna yara a Garwa, in an raba 'yan wasa a yashin bakin kogin Binuwai, shi ake bar wa tsaron takalma. Amma ya yi boko, Faransanci ya zauna masa a baki, kuma yana yi wa ƙwallo wani irin so da har yau ban gane kansa ba. Saboda haka da attajiran unguwarmu suka haɗa hannu suka tayar da ƙungiya, a shekarun da aka karya darajar kuɗinmu na sefa kowa yana kuka, shi suka naɗa manaja. Ya zo rumfata ta atamfa a babbar kasuwa, baki har kunne, na ce masa to, mai tsaron takalma ya samu sarauta.

Ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sai dai an yi ta cin mu wasa bayan wasa, kwamiti ya zauna ya ce yaro ne, bai san alƙalan wasa ba, bai san mutanen ofishin gasa ba, yana buƙatar babba a gefensa. Suka ɗauko wani dattijo da ya buga ƙwallo a ƙuruciyarsa, ya kuma horar da rabin 'yan wasan arewa, suka ba shi muƙamin konseye, wato mai ba da shawara. Wani Alhaji har yana murna wai na gida ne, za su fi fahimtar juna. Dattijon baffan matar ƙanena ne. Shi ya riƙe ta tun tana ƙarama, shi ya ba da aurenta.

Da labarin ya iso ni, gabana ya faɗi. Dangin matar Fulani ne 'yan asalin Rai Buba, masu riƙe kunyar surukuta da hannu biyu, abin da suke kira semteende. Mu ma ba baya ba ne wajen wannan. Ƙanena ba ya haɗa ido da mutumin nan, ba ya cin abinci a gabansa, in ya hango shi a hanya yakan cire takalmi ya durƙusa. Shi ma dattijon ko sunan ƙanena ba ya kira. Waɗannan su ne aka ce su zauna ofis ɗaya su yi gardama a kan wanda za a saka gola.

Nan da nan na zama ɗan aike, ni da ban nemi aikin ba. Dattijon yakan biyo ta rumfata ya sha shayi, ya ce in gaya wa yaron nan kada ya yarda a sa wasa da tsakar rana. Da yamma ƙanena ya zo ya ce in tambayi Baffa ko a sallami mai tsaron baya. Kafin amsa ta je ta dawo, an riga an buga wasan. Dukansu biyun mutanen kirki ne, wannan ne ya fi ƙona mini rai, domin ban samu wanda zan yi wa faɗa ba.

Abin ya lalace ne a tafiyarmu ta Maruwa. Ƙanena ya dakatar da kyaftin saboda ya daina zuwa atisaye, kuma shi ne hukunci na farko da ya yanke da kansa. Kyaftin bai yi musu ba. Ya wuce zauren dattijon ya durƙusa yana ba da haƙuri. Dattijo kuwa ba ya korar wanda ya durƙusa a ƙofarsa, sai ya ce masa za a duba. Da safe muka tarar da kyaftin a cikin mota da jakarsa, ya ce konseye ya ce an duba. Kowa ya zuba wa ƙanena ido. Dattijon yana zaune a gaba kusa da direba, kansa a sunkuye. In ƙanena ya ce wa kyaftin ya sauka, ya ƙaryata surukinsa a bainar jama'a. Ƙanena ya wuce can kujerar baya ya zauna, aka ja mota.

Mun ci wasan, kyaftin ne ma ya zura ƙwallon. A masaukinmu na unguwar Domayo yaran ƙungiya suka ɗaga dattijon sama suna waƙa. Daga ranar duk mai matsala ya san zauren da zai nufa, ofishin ƙanena kuwa ko gaisuwa ba a leƙa masa.

Dattijon ya fi kowa ganin ɓarnar. Ya zo rumfata, bai taɓa shayin ba, ya ce zai ajiye aikin domin yaron ya samu ya miƙe. Na yi murna, na rufe rumfa da wuri na kai saƙon. Ƙanena ya girgiza kai.

"Yaya," ya ce, "in ya tafi, gari zai ce na kori mutumin da ya ba ni mata. Da wane ido zan shiga gidana?"

Na yi ta lallashinsa har na fara zaginsa. Na koma wajen dattijon, na je wajen Alhazan kwamiti, kowa ya ce Allah ya kyauta. Kafin mako ya zagayo ƙanena ya ajiye aikin, ya ce wai lafiyarsa ce. Kwamiti ya miƙa wa dattijon kujerar da bai taɓa nema ba, ƙanena kuma ya dawo rumfa yana taya ni auna yadi.

Bayan wani lokaci dattijon ya tare ni a ƙofar masallaci ranar Juma'a, ya riƙe hannuna.

"Ɗana, ka gaya wa ƙanenka hukuncinsa a kan kyaftin daidai ne. Ya iya aikin nan."

Na kawo saƙon kamar yadda na saba. Ƙanena yana yanka atamfa, bai ɗago ba. Ya ce ya gode, sannan a hankali ya ce da ma ya ji daga bakinsa. Sun ƙara shekaru suna haɗuwa a biki da suna da jana'iza, ƙanena yana durƙusawa, dattijon yana amsa gaisuwa yana kallon gefe. Har dattijon ya rasu bai faɗa masa ba.