Agogon Zafi a Hanyar Kebbe

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka turo ni Tambuwal a matsayin malamin lamba. Aikina shi ne bin ƙauyuka ina yi wa mutane rigakafin agana. Aka haɗa ni da wata tsohuwar jif da Baturen lafiya ya bari da zai koma gida, da direbanta, wani dattijo tsohon soja wanda kowa ke kira Baba. A soja ya koyi tuƙi da gyara. Ba shi da yawan magana, kuma ba ya yarda kowa ya taɓa motar ko da wanki ne.

Jabo da Sanyinna da Dogon Daji ba sa ba mu wahala. Kebbe ce matsalarmu. Hanyar yashi ce, mota sai ta yi ta gurnani da ƙaramin giya kafin ta fita. Duk sanda muka ratsa yashin, Baba zai ɗora tafin hannunsa kan ƙarfen da ke tsakanin kujerunmu, wanda ya rufe akwatin giya, sannan ya ratse gindin wata tsamiya ya kashe mota.

"Giyabos ya ɗau zahi, Malam. Sai ya huce."

Hucewar nan kuwa awa guda ce cur. Ni kuma maganina yana cikin akwati naɗe da jiƙaƙƙen buhu, kuma zafi ne ke kashe shi. Kafin mu isa Kebbe kasuwa ta fara watsewa, matan ƙauye sun goya 'ya'yansu sun kama hanya. Sau uku haka ta faru.

A na huɗu na kasa haƙuri. Ina tsaye ina kallon rana tana karkata, na ce, "Baba, anya motar ce ta gaji, ba mai tuƙa ta ba?"

Ya dube ni, ya kau da kai. Har muka je muka dawo bai ƙara yi mini magana ba sai gaisuwa. Na san na yi ɓaranɓarama, amma ƙuruciya ta hana ni ba shi haƙuri, domin a raina ina ganin ni ke da gaskiya.

Bayan mako biyu ya je Sakkwato ɗauko magani. Da ya dawo ya same ni a shagon shan magani, ya ajiye wani ƙunshi a tebur. Na buɗe na ga agogo mai allura ɗaya, da wani siririn bututun jan ƙarfe naɗe kamar gammo, a ƙarshensa wani ɗan curi kamar ƙwallon dabino. Wani abokinsa makanike ne ya ciro masa daga wata tarakta da ta mutu.

"Wanga shi ka auna zahin mai," in ji shi. "Ga alƙali na kawo muna. In ya ce ni ad da laihi, in ba ka haƙuri gaban kowa."

Kafin a ɗaura sai da muka gwada shi. Muka tafasa ruwa a buta, Baba ya tsoma curin, allura ta tashi a hankali ta tsaya. Ya nuna mini wani wuri gaba kaɗan da nan, ya ce in mai ya kai haka ya tsinke ya zama ruwa, haƙoran giya su fara cin juna. Na ɗiga jan fenti a wurin da tsinken tsintsiya.

Washegari da hantsi muka tura motar kan wani lambatu a bayan shagon don a sami shiga ƙarƙashinta. Baba ya kwance notin da ake tsiyaye man giyabos, inda za a zura curin, man ya zuba a kwano baƙi ƙirin. Nan muka ci karo da cikas: bakin curin ya yi wa ramin ƙanƙanta, yana shiga yana fita.

Na ce, "Shi ke nan, aiki ya tsaya."

Baba ya goge notin da tsumma, ya sa a aljihu, ya ce in biyo shi. Muka je maƙera wurin wani maƙeri sa'ansa, wanda ya fi sanin garma da lauje da gyaran bindigar toka. Maƙerin ya juya notin a hannu, ya juya curin, ya saurari bayani har ƙarshe.

"Huda shi za a yi ta tsakiya, a zaunar da wanga ciki, a like da tagulla," ya ce. "Amma in wuta ta taɓa curin ya mutu ko?"

Baba ya ce haka ne. Sai maƙerin ya ce to zai ƙera zoben da zai riƙe curin, shi kawai zai like, curin kuma a ɗaura shi bayan ƙarfe ya huce. Kwana biyu ya yi yana huda notin nan da hannu. Da muka tambayi ladansa, ya ce ba ya son komai sai a tafi da shi Kebbe. 'Yarsa da ke aure can ta haihu wata uku da suka wuce, ciwon gwiwa ya hana shi zuwa ganin jikan.

Ranar ɗaurawa ni na riƙe gammon bututun, Baba yana ƙasa yana ja kaɗan-kaɗan. Ya gargaɗe ni cewa in ya lanƙwashe wuri ɗaya, duk wahalarmu ta tashi a banza. Ban taɓa riƙe wani abu da tsoro irin haka ba, ko kwalbar magani. Muka shigo da shi ta wata ƙofa a daben motar, muka nisanta shi da salansa, muka naɗe duk inda zai goga ƙarfe da robar tsohon tayar keke. Aka mayar da noti, aka zuba mai. Agogon kuma Baba ya ɗaure shi da ɗan ƙarfe a gaban mota, daidai tsakiya.

Na ce, "Ba gabanka za ka sa shi ba?"

"Ni na san abin da nika ji da hannuna. Kai za ka duba."

Ranar kasuwar Kebbe muka tashi bayan sallar asuba, maƙeri yana baya da ƙunshin tsaraba. Muddin muna kan tsandauri allura ba ta wuce rabi ba. Da muka faɗa yashi sai ta fara hawa. Na kafa mata ido. Baba bai ko kalle ta ba. Ya ɗora hannunsa inda ya saba, can ya ce, "Yanzu." Na duba, allura tana kan jan fentina, ba gaba ba baya.

Da muka tsaya gindin tsamiyar na zagaya wajensa na durƙusa. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Maganar da na faɗa maka ba ta dace ba."

"Tashi, Malam. Don 'ya'yan mutane ka faɗe ta. Ya wuce."

Ya shimfiɗa buzunsa kamar kullum, ya jingina zai yi awarsa. Ni kuma na koma mota ina yayyafa wa buhun magani ruwa. Ban gama ba na ga allura ta sauko ƙasa da rabi, ko sulusin awa ba a yi ba. Na shiga tunanin yadda zan faɗa masa ba tare da na sake ɓata masa rai ba. Maƙeri ne ya hutar da ni. Ya leƙo ta bayana ya ɗaga murya: "Kai soja, abin naka ya sauka!"

Baba ya taso ya duba, ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, ya taɓa ƙarfen. Sai ya fashe da dariya, karo na farko da na ji dariyarsa.

"Ashe kowa da nashi rabon laihi. Shekara da shekaru ina zaman banza. Ku hau mu tahi."

Mun shiga Kebbe kafin azahar, kasuwa cike. Mai gari ya sa aka yi shela, na kafa teburina a inuwa, layi ya miƙe har bakin rumfunan masu gishiri. Ban ɗaga kai ba sai la'asar. Cikin masu zuwa har da maƙeri, ya saɓo jikansa da kansa, uwar tana biye tana ɗari-ɗari. Shi ya riƙe mini ɗan damtsen na yi lambar. Yaron ya tsala ihu, kakan yana ta yi masa kirarin maƙera. Maganin da na zo da shi ya ƙare tas, har na yi wa sauran alkawarin kasuwa mai zuwa.

A Kebbe muka kwana. Da safe Baba ya shiga ƙarƙashin mota ya shafa notin, ya fito ya nuna wa maƙeri yatsansa a bushe. Da muka fita gari muka hau tsandauri, sai ya tsaya, ya sauka, ya zagayo ta wajena ya buɗe ƙofa.

"Matsa can, Malam. Idona ba na da ba ne, kuma wagga mota ba za a ba mu wata ba nan kusa. Taka kuloci har ƙasa."

Sau uku tana mutuwa a hannuna kafin ta yarda ta tafi. Maƙeri a baya ya riƙe ƙarfen rumfa da hannu biyu yana salati.