Gara a Fiffiken Jirgin Maigidana

Shekaru da yawa baya, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, maigidana ya sayi jirgin sama. Na san za ku yi dariya, ni ma da ya faɗa mini cewa na yi zazzaɓi ne ya hau masa kai.

Makanike ne, yana gyara wa wani Bature mai harkar auduga motoci a Makarfi. Baturen yana da ɗan ƙaramin jirgi da ya harhaɗa da hannunsa don nishaɗi. Katako ne da yadi, sai inji irin na ƙaramar mota, mutum biyu kawai yake ɗauka, su ma a matse. Shekara biyu yana hawa da maigidana yana koya masa tuƙi. Da zai koma ƙasarsu ya sayar masa, maigidana ya rabu da babur ɗinsa da bijimi guda ya karɓa.

A kan amalanke aka kawo shi gidanmu a Gazara, farkon damina, an cire fikafikan. Aka yi wa gangar jikin rumfa a bayan gida. Fikafikan kuwa ya naɗe su da zana don kada ruwa ya taɓa su, ya jingina a bangon tsakar gida. Ya ce sai kaka, in an girbe dawa fili ya buɗe, zai tashi.

Lokacin ina goyon fari, kuma ni mace ce mai tsoro. In yarinya ta yi atishawa sau biyu na fara kuka. Karatuna bai wuce ajin manya na wata shida ba. Amma ni ke share tsakar gidan nan kullum, kuma idona ba ya wuce abu.

Da aka yi girbi ya sa rana, Asabar. Har Kudan da Ikara labari ya kai. Ranar Laraba ya kwance zanar, ina shara na ga wata 'yar siririyar hanyar ƙasa ta hau bango, daidai inda gindin fiffiken hagu ya kwana duk damina. Hanyar gara ce. Kowace mace ta san gara da zana, shi ya sa muke ɗora rumbu a kan duwatsu mu zuba toka. Amma yadin lafiya lau, ko ɗigo babu.

Sai na yi abin da muke yi wa ƙwarya a kasuwa kafin mu saya. Na ƙwanƙwasa na dama da ɗan yatsa, ya amsa ƙwal. Na ƙwanƙwasa na hagu, ya ce ɓus, kamar an bugi buhun dusa.

Da ya shigo cin abinci na ce, "Malam, fiffiken nan ba shi da lafiya."

Ya ce, "Yaushe kika zama injiniya?"

"Ba na zama ba. Amma ba ya amsawa."

Ya yi dariya har ya ƙware. "Ke da ba kya tsallake kwata da goyo sai kin yi addu'a uku? Na duba injin nan ƙusa bayan ƙusa. Kwantar da hankalinki."

Na je wurin surukata. Na ce, "Inna, ku yi masa magana." Ta ce ita tun ranar da aka shigo da abin nan bakinta ya gaji, kuma yanzu an riga an gaya wa dagaci. Ta ce in yi ta addu'a.

Asabar da hantsi ƙofar gida ta cika, ina jin hayaniyar maza ta zaure. An fitar da fiffiken dama, saura na hagu. Ba zan iya fita gaban mutane in tsayar da shi ba, kuma in fiffiken ya fita, shi ke nan. Na ɗauko basillar da nake ɗinkin ƙwarya, na tsaya a jikinsa, yarinya a bayana. Sai ga maigidana ya shigo ɗauka.

Na ce, "Malam, in basillar nan ta ƙi shiga, ni da kaina zan kama maka ka fitar."

Ya ce, "Kada ki huda min yadi."

Na riga na huda. Ta shige katakon har gindi, kamar a malmalar tuwo. Da na zare, gari ya biyo ta, sai ga gara farare suna fitowa. Ya sa wuƙa ya tsaga yadin. Babban katakon da ke riƙe fiffiken duka ɓawo ne kawai ya rage, ya matsa da babban yatsa ya burme.

Ya tsuguna ya leƙa ciki. Sannan ya ɗago ya dubi yarinyar da ke bayana, bai dube ni ba. Ya miƙe ya fita. Na zaci zai ce musu inji ne ya ƙi tashi, don ya tsira da mutuncinsa. Sai na ji muryarsa ta zaure: "Ku yi haƙuri, yau babu tashi. Gara ta cinye fiffike. Ni ban gani ba, mai ɗakina ce ta gani."

Wani abokinsa ya ce, "To ka ba ta tuƙin mana." Aka yi ta dariya, har da shi.

Shekara guda ya yi yana gyara. Ya nemo katako a Zariya, wani malamin tuƙin jirgi ya zo sau biyu ya duba aikin. Yadin kuwa ni na ɗinka, ɗinki bayan ɗinki, yana nuna min irin ƙullin da ake yi. Da kaka ta zagayo ya tashi. Na hau kan turmi na leƙa ta saman danga, na ga ya yi wajen Gubuchi, ya karkato ya dawo ta kan gidanmu, kaji duk suka watse.

Har yau tsoro bai bar ni ba, sai dai na daina jin kunyarsa, don shi ne ya sa nake duba abin da kowa ya wuce. Ranar da ya tashi matan unguwa sun cika gidan, wata ta gan ni a kan turmin ta ce, "Ke kam ba za ki sauko ba? Kallon me kike yi, kina kuka?"

Na ce, "Bari in gani, Yaya. Ɗinkina ne a sama."